Malama Mai Kwali da Makin Zane

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a aji biyu, bango ɗaya ne tsakanin ajina da na malamar aji ɗaya, bangon ma bai kai rufi ba. Saboda haka duk abin da ya faru a aji ɗaya a kunnena ya faru. Ta girme ni da shekara tara, Yaya nake ce mata. Yara da iyayensu kuwa Malama Mai Kwali suka sani, har wasu na zaton sana'ar mijinta ke nan. Mijin direba ne, bai taɓa sayar da kwali ba, iyakarsa ya yi dakonsa yana mita.

Mahaifinta mai rubuta allon shaguna ne. Tun tana ƙarama take wanke masa burushi, tana kallon yadda yake ɗaure zare daga wannan ƙusa zuwa waccan don kada harafi ɗaya ya karkace. In layi ya kauce ko da faɗin farce ne, gogewa yake yi ya sake. Ta tashi da wannan ido. Ba ta shiga makarantar horon malamai ba sai da ta haifi 'ya'ya huɗu, ta zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannenta, ta fito aka ba ta 'yan shekara shida.

Ranar Alhamis ake darasin zane, shi ne na ƙarshe kafin tashi. A shekarunta na farko ba ya ba ta wuya. Sai ta zana kofi ko ƙwallo a allo, yara su kwafa, ta bi benci benci da jan biro. Wanda layinsa ya miƙe, kalarsa ba ta tsallake iyaka ba, tara cikin goma. Wanda ya yi jagwalgwalo, uku. Yara arba'in da uku, kafin a kaɗa ƙararrawa ta gama da su. Hedimasta har misali yake yi da ita a taron malamai, wai ita kaɗai ce ba a bi ta neman maki.

Wata Alhamis ta gaji da kofi, ta ce kowa ya zana wani na gidansu. Akwai wata 'yar mitsitsiyar yarinya da ke zama a ƙarshen benci kusa da taga, Auta ake kiranta, ba a cika jin muryarta ba. Da Yaya ta iso kanta sai ta ga mutum, ga kai, ga hannuwa, amma ƙafafu huɗu ne reras. Ta ɗaga takardar sama.

"Auta, mutum ƙafa nawa gare shi?"

"Biyu."

"To wannan fa? Akuya kuke kiwo a ɗaki?"

Ajin ya fashe da dariya, har nawa yaran suka taya su ba tare da sun san abin da ake wa dariya ba. Yaya ta rubuta biyu cikin goma, ta wuce.

Kullum yayar Auta ce ke zuwa ɗaukarta. Ran nan sai mahaifinta ya zo da kansa, wani mai gyaran rediyo da ke da rumfa a bakin titi. Ya shigo ƙofar makaranta a hankali, sanda a wannan hammata, sanda a waccan, ƙafarsa ɗaya tana taka ƙasa, ɗayar yana janta. Auta ta ruga ta karɓi 'yar jakar da ke rataye a wuyansa, suka juya tare, tana rage sauri don kada ta wuce shi.

Ina share allo Yaya ta shigo ajina. Ta zauna a kan bencin yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta.

"Ƙanwata, yau na yi ɓarna," in ji ta. Ta ba ni labarin, sannan ta ce, "Yarinyar nan abin da yake ta zana. Ni ce na ba da maki a kan abin da nake zato. Kuma na sa aka yi mata dariya a kan ubanta."

Alhamis uku a jere Auta tana mayar da takardarta fara fat. A ta huɗu Yaya ta tsugunna kusa da ita, ta ce mata a gaban kowa, "Ni ce na yi kuskure ran nan, ba ke ba. Ki yafe mini. In zanen yana nan, ina so ki ba ni labarinsa." Washegari yarinyar ta zo da shi a ninke huɗu. Ta nuna sandunan, ta nuna ƙafar da ba ta aiki, wadda ta zana siririya, ta nuna waɗansu baƙaƙen ɗigo biyu a ƙasa.

"Waɗannan fa?"

"Roba ce. Don kada ya zame."

Tun daga ranar Yaya ta daina shiga darasin zane da jan biro. Ta bi shagunan layinsu tana roƙon kwalayen da aka sauke kaya, ta yanka su, ta ninke, ta ɗinke gefe da zare, kowane yaro da nasa na ajiye zane, sunansa a baya. Duk abin da yaro ya zana sai ta sa kwanan wata, ta ce masa, "Ba ni labarinsa," ta rubuta abin da ya faɗa a bayan takardar da fensir, da kalmominsa, ba gyara. Ba ta iya bin arba'in da uku a rana ɗaya, sai ta raba su: goma wannan mako, goma mako mai zuwa. Tana kuma da wani ɗan littafi a aljihun jaka, inda take rubuta abin da ido ya gani lokacin da suke aiki. Wannan har yanzu dunƙule fensir yake yi kamar muciya. Wannan ta gano da kanta cewa shuɗi da rawaya in sun haɗu kore suke bayarwa, ta koya wa na kusa da ita. Wannan in ya ɓata sai ya yaga takarda, amma yau ya mayar da ɓatan ya zama gajimare. Ta kawo almakashi da gam da tsofaffin jaridu, ta kawo yumɓu a bokiti, ta gano cewa akwai yaran da fensir ke gagara amma in ka ba su yumɓu sai ka riƙe baki.

Rigimar ta tashi ne a ƙarshen zango. Hedimasta ya kira ta ofis, ni ma ina ciki ina miƙa nawa sakamakon.

"Malama, katin nan gurbi ɗaya gare shi, lamba ake sawa. Ke kuma kin cika mini gefen kati da labari."

"Ranka ya daɗe, lambar ma na sa. Amma lamba ba ta gaya wa uwa abin da ɗanta ya iya."

"To a kan me kike ba da lambar yanzu? Ga wannan, zanensa kamar kaza ta bi ta kan takarda, kin ba shi takwas."

"Ka ga inda ya faro." Ta buɗe kwalin yaron a kan teburinsa, ta jera takardu biyar. "Ba da maƙwabcinsa nake auna shi ba, da shi kansa na watan jiya nake auna shi."

Hedimasta ya duba, ya ture tabarau, ya ce shi dai ya faɗa mata, in masu duba makarantu suka zo ita za ta yi bayani da bakinta. Iyaye ma ba duka suka ji daɗi ba. Wani mai shagon magani ya zo yana faɗa, wai 'yarsa da ba ta taɓa tsallake layi ba an ba ta bakwai. Yaya ta zaunar da shi ta nuna masa zane tara, gida ɗaya, taga biyu, rana a kusurwa ɗaya, ba abin da ya sauya tun farkon zango.

"Hannunta yana da kyau," ta ce masa. "Tsoron kuskure ne ya ɗaure ta. A gida in ta yi zane, wa ke riƙe da abin gogewa?"

Mutumin ya sosa ƙeya, ya ce, "Ni ne." Ya tashi ya tafi.

Shekara biyu tana wannan aiki, kwalaye sun cika bayan ajin, kafin sufeto mai duba makarantu ta zo. Wata dattijuwa ce mara fara'a, wadda aka san ta da sa malamai kuka. Hedimasta ya rako ta yana ta share zufa, yana cewa tun daga ƙofa, "Wannan tsarin nata ne, mun yi magana a kai." Na sa yarana kwafar rubutu, na tsaya jikin bango ina sauraro, daga baya ma na fito na leƙa ta taga.

Sufeto ta duba littafin maki, ta dubi tulin kwalayen.

"Wannan ɗakin karatu ne ko ɗakin ajiya?"

"Shaidar makin da ke hannunki ce, ranki ya daɗe. Ki zaɓi wanda kike so."

Ba ta zaɓi na sama ba. Ta sa hannu can ƙasa ta zaro ɗaya, ta karanta sunan, ta riƙe shi a rufe a ƙirjinta.

"Kafin in buɗe, gaya mini abin da zan gani."

Yaya ko littafinta ba ta taɓa ba. "A farkon shekara a kusurwar takarda kawai take zane, ƙanana kamar tururuwa, kala ɗaya. A wata na uku ta fara shigowa tsakiya. Mutanenta da kai ne da ƙafafu, yanzu suna da ciki da yatsu. Tun da aka yi mata ƙani, shi take zanawa, kuma kullum ya fi kowa girma. Almakashi ne har yanzu yake ba ta wuya, bahaguwa ce, namu kuma na masu dama ne. Bakwai na ba ta."

Sufeto ta buɗe. Ta ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya, tana juya bayansu tana karantawa. Ta kira yarinyar, ta ba ta zane biyu, na farkon shekara da na makon jiya.

"'Yata, wanne ya fi?"

Yarinyar ta nuna na makon jiya.

"Don me?"

"Can ban iya wuya ba. Yanzu na iya wuya." Ta dubi dattijuwar da kyau, ta ƙara da cewa, "Ke ma zan iya zana ki. Sai dai ba ni da kalar gilashinki."

A nan ne na fara ganin haƙoran sufeto. Ta zaro kwali na biyu, ta zaro na uku, Yaya tana faɗa tana buɗewa, ba inda aka saɓa. Wadda ta zo da niyyar minti ashirin sai da ta yi awa biyu a kan kujerar Yaya. Da za ta fita ta juya ga hedimasta.

"Shekara ashirin da shida ina tambayar malamai daga ina makin zane ke fitowa. Yau ne aka fara ba ni amsa."

"Ai kullum ina ƙarfafa mata gwiwa," in ji hedimasta. Na koma ajina da gudu kada dariya ta kufce mini.

Bayan wata ɗaya takarda ta zo. An tara malaman ƙananan azuzuwa daga makarantu takwas a zauren makarantarmu, ran Asabar, aka ce Yaya ce za ta koyar. Da safe ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata, ni da ban taɓa magana gaban manya ba?" Amma da ta shiga ba ta yi jawabi ba. Ta raba takarda da fensir, ta ce kowa ya zana abin da ya hau ya zo. Manyan mutane, masu furfura a cikinsu, sai ga su suna kare takarda da hannu, wannan na cewa shi bai iya ba, waccan na leƙen ta kusa da ita. Ta ɗauki na hedimasta, wanda ya zauna a sahun gaba, ta ɗaga.

"Jama'a, nawa za ku ba wannan?"

Wani ya ce biyu, wata ta ce huɗu don girmansa. Wani ya tambaya ko tabarau ne.

"Keke ne!" in ji hedimasta da ƙarfi. "Ba ku ga sarƙar ba? Ta zube ne a hanya, shi ya sa na zana ta a ƙasa!"

"To kun ji," in ji Yaya. "Yanzu nawa za ku ba shi?"

Sai da aka daɗe kafin zauren ya lafa. Daga nan ta fito da kwalaye goma, ta raba su rukuni rukuni, suka yi ta musu a kan zanen yara har lokacin tashi ya wuce ba wanda ya miƙe.

A zangon da ya biyo baya aka buga sabon katin sakamako. A ƙarƙashin gurbin zane an bar layi uku na bayani, kuma makarantun takwas duka suka karɓa. Ranar da katin ya iso, hedimasta da kansa ya kai mata ajinta. Ta duba shi gaba da baya, ta auna layukan da yatsa.

"Ranka ya daɗe, an gode. Amma layi uku ya yi kaɗan."

"Malama, ki ji tsoron Allah," in ji shi, ya fita yana dariya.