Awarwaron furen da Kalolaine ta ɗaura

Shekara ashirin da biyu Kalolaine tana ninke zannuwan gado a wani kamfanin wanki a garin Logan, nesa da ƙasarsu Tonga, har tururi ya shafe mata zanen yatsu. Amma da fure aka san ta. Duk ɗan Tonga da ya gama makaranta a cocinsu, sarƙar furenta ya rataya har ta rufe masa kunne, kuma rabin iyayen ko sannu ba su iya ce mata ba.

Da jikarta Lesieli, wadda ta raina tun tana jaririya, ta ce ranar Asabar za a yi rawar gama sakandare, kuma 'yan mata kan sa fure a wuyan hannu, Kalolaine ba ta tambayi kowa ba. Da ranar ta zo, ta tsinko farin furen firanjifani a bayan gida tun raɓa ba ta bushe ba, ta jiƙa ganyen saƙar tabarma da ƙanwarta ta aiko daga gida, tsibirin Vava'u, ta zauna da allura.

Abin takaici, Seini, uwar yarinyar, tana kallo. Ta san sarai a garin nan saurayin da zai raka yarinya shi ke kawo furen. Ta ja bakinta ta yi gum, wai kada ta ɓata wa tsohuwa rai. Wannan ba tausayi ba ne, ragwanci ne.

Da la'asar Lesieli ta fito cikin doguwar rigarta, ta ga aikin, ta dafe ƙirji.

"Kaka, wannan fure ne ko ɗaurin karaya? Har gwiwar hannu fa!"

"Hannun naki ne kamar tsintsiya. Da kina cin gwaza da ya yi miki daidai."

"To ina robar? Na kowa zurawa ake yi."

"Roba ta wando ce. Nawa ɗaurewa ake yi."

Suna cikin haka mota ta tsaya. Lachlan ne, abokin rawar Lesieli, da uwarsa. Yana riƙe da ɗan akwatin roba, ciki furanni biyu 'yan mitsi-mitsi daga kanti. Ya zura wa Lesieli a hannun hagu. Seini ta hau tafi, aka hau ɗaukar hoto.

Nan Kalolaine ta gane. Ta kwashi nata ta shige kicin, ta rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta hau feren gwazar da ba wanda ya ce zai ci. Na baƙi ɗari ta yi, sun sa. Na jikarta ɗaya ne zai ruɓe a kan tebur.

Sai ta ji motsin riga a bayanta.

"Tsohuwa, me gwaza ta yi miki?"

"Tafi, ana jiran ki."

"Na sansana nasa, ko ƙamshi babu." Lesieli ta miƙo hannun dama. "Ga wannan yana zaman banza."

"Dariya za su yi miki."

"Su yi. Ɗaura, kafin ki sa in makara."

Kalolaine ta goge hannu a zani. Ta zare layin fure ɗaya tana mita, ta naɗa sauran, ta yi irin ƙullin da take wa tabarma in za a sa ta a jirgi, ta ja da haƙori.

Washegari a coci Lesieli ta zauna kusa da kakarta tana hamma. Furen ya yi ja, ya yamutse, amma yana nan daram. 'Yan mata huɗu sun gwada kwance shi sun kasa. Seini ta zaro ɗan almakashi daga jaka, Lesieli ta tura hannun ƙarƙashin littafin waƙa. Kalolaine ba ta waiwaya ba, ta dai ƙara ɗaga murya a waƙar.