Gefen Arewa da Aka Bar wa Malam Garba

Daga Gusau zuwa Jidda

Ba a kira assalatu ba muka bar Gusau, ni da Inna, a motar maƙwabcinmu. Umra ce ta fito da mu, amma Inna da nata a ciki. Mahaifinta, Malam Garba, ya taɓa kama hanyar Makka a ƙasa tare da yayansa. A Abashe, cikin Chadi, ya juyo, saboda matarsa na da tsohon ciki kuma jiki ya ƙi. Cikin nan Inna ce. An ce rabuwar ba ta yi daɗi ba, har yayan ya ce kada ya ƙara kiransa ɗan'uwa. Su suka wuce ta Sudan suka zauna Makka, shi kuwa ya rasu bai ga Ka'aba ba. Tun ina yarinya nake jin Inna na cewa ita ta raba gida biyu. Yanzu so take ta ji ko dangin can za su karɓe ta.

A Kano muka hau jirgi. Inna ta damƙe hannuna har ya yi tsami, kuma wai ba tsoro take ji ba.

Makka

Daga Jidda bas muka shiga. A shingen Shumaisi askar, wato jami'in tsaro, ya duba takardunmu, ya miƙo mana. Muka sauka a wani ƙaramin masauki a Jarwal, muka yi Umra lafiya, alhamdulillahi. Sannan na kira Kawu Usmanu, ɗan wancan yayan, wanda yana yaro aka yi tafiyar da shi. Na zuba bayani kamar rediyo. Abin da ya ce kawai, gobe ɗansa Faisal zai zo. Ranar ko shinkafar bukhari da na sayo Inna ba ta taɓa ba.

Hanyar daji

Bayan azahar Faisal ya iso. Magidanci ne, Hausarsa rabi Larabci.

"Khala, yau ba gida. Kullu iyali suna barr," ya ce wa Inna, wato duk iyali suna daji.

Muka ratsa unguwar Rusaifa, ya nuna mana layinsu da baki bai tsaya ba. Inna ta raɗa mini cewa ko ƙofar gidansu ba sa so mu taka. Na ce ta bari mu gani, amma ni ma tunanin da nake ke nan.

Zango

Wani fili ne tsakanin baƙaƙen duwatsu. A tsakiya an jera duwatsu an shimfiɗa dardumai, masallaci ke nan. Tantuna sun kewaye shi gabas, kudu da yamma. Arewa kuwa wayam, an share ƙasar tas amma ba a kafa komai ba.

Kawu Usmanu na zaune a kujera, tsoho tukuf. Aka gaisa, aka zuba gahawa da dabino, sai ya kama labari. Ya ce madugun ayarinsu malami ne, kuma tsarin zangonsa daga labarin Bani Isra'ila ya ɗauko. Lokacin da suke daji da Annabi Musa, tantin ibada suke fara kafawa a tsakiya, masu hidimarsa su sauka dab da shi, sannan ƙabilu goma sha biyu su kewaye, uku-uku a kowane gefe, kowa ƙarƙashin tutarsa. Duk wanda ya leƙo daga tantinsa wurin ibada zai fara gani. Haka madugu ya yi da su: kafin a sauke tukunya sai an jera duwatsun masallaci, kuma kowane gida da gefensa, ba a sauyawa. Shi ya sa duk shekara suke fitowa su kafa zangon yadda iyayensu suka yi.

Ni dai bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Kawu, arewa fa? Tanti ne ya ƙare?"

Bai dube ni ba, Inna ya duba.

"Gefen Baffa Garba ne. Daga Abashe har bakin teku, duk zangon da muka sauka mahaifina da hannunsa yake share wurin, ya hana kowa zama. Ya ce Garba na tafe, ya tsaya jiran haihuwa ne."

Inna ta dubi filin. Da ƙyar ta ce, "Yaya, ni ce haihuwar."

"Na sani. Kin daɗe a hanya, Rabi. Tashi ki shiga wurinku."

Faisal da ƙannensa suka ciro tanti daga bayan mota. Ashe da shi muka taho. Kafin magariba sun kafa shi. Daga nan muka bi sallah, ina jin kukan Inna har aka yi sallama. Bayan haka ta cinye tuwo malmala biyu da miyar kuka, ita da ta ce ba ta jin yunwa.

Komowa

Mun iso Gusau lafiya da yammacin Juma'a. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Kawu Usmanu da iyalinsa, da tsohon da ban taɓa gani ba, wanda ya yi ta sharar fili yana jiran ƙaninsa. Allah ya jiƙansu duka biyun. Masu zuwa sannu da zuwa suna tambayar Inna a ina ta sauka a Makka. Ba ta cewa Jarwal. Cewa take, a wurin babanta.