Ciyawa ta tsiro a falon ɗana

Na tarar da ɗana Bello durƙushe gaban sabon akwatin gilashin kifinsa, kamar mai zaman makoki. Ruwan gishiri ne irin na teku, a nan unguwar Ɗan Iya. Gansakuka ta rufe gilashin kore shar, tana neman shaƙe masa murjanin tekun da yake reno a ciki.

Na ce a wanke da soso da sabulu, kamar randa.

Ya ce, "Baffa, ai sai kifin ya mutu. Dodon koɗi zan zuba su cinye ta."

Na ce, "Kakanka har Mambila ya taka da shanu neman ciyawa. Kai ta biyo ka falo, kuma ba ka da garke?"

Yanzu dodannin koɗin sun iso suna ta kiwo, gilashi ya fara haske. Babban cikinsu na sa masa suna Bijimi.

Jama'a, mun bar kiwo ne, ko shanun ne suka ƙanƙance?