Kilomita Goma Sha Ɗaya na Nonaka

Shekara talatin da huɗu Sumie Okabe tana ajiye butar shayi da kwandon lemo a ƙofar gidanta a Uwajima, saboda masu ziyara da ke zaga haikalai tamanin da takwas na tsibirin Shikoku da ƙafa. Duk wanda ya ɓullo da farar riga da malfa da sanda, sai ya zauna ya sha, ko yana so ko ba ya so. Ta san hanyar nan kamar yunwar cikinta, amma duk a bakin mutane ta ji: inda dutse ke da santsi, inda hazo ke haɗiye itatuwa, inda teku ke dukan gefen titi. Ita kanta ba ta taɓa takawa ba.

Tana da shekara sittin da tara likita ya ce da kaka za a yi mata aiki a gwiwar dama, kuma bayan aikin ita da hawan dutse sai dai kallo. Ta dawo gida ta sayi sanda.

"Ke da ko kasuwa sai na kai ki a mota?" in ji mijinta Tokuji.

"Kai dai kar ka ƙona mini tukunya kafin in dawo."

Ta fita da bazara, itatuwa sun yi fure fari fat. Kwanakin farko daɗi har kunne. Ta hau tsaunuka, ta ga gonakin shinkafa a ƙasa kamar an jera faranti, ta kunna turare a haikali ashirin da uku. Abu ɗaya ne ya gagare ta, wato karɓa. In aka miƙo mata alewa sai ta lalubo biyu a jaka ta mayar. Mace ce mai taurin kai, kuma ita a ganinta kirki ne.

A doguwar hanyar bakin teku mai zuwa Muroto gwiwar ta kumbura. Rana ta uku tana jan ƙafa, sai wata motar kifi ta tsaya a gabanta. Direban, wani mai furfura a gemu da ake kira Nonaka, ya leƙo.

"Iya, tun daga kwanar can nake kallonki. Kunkuru ya wuce ki har ya waiwayo. Shigo."

"Na gode, ɗan nan. Da ƙafa na yi alkawari."

"Wace ƙafar? Wannan da ta zama kabewa?"

"Ja motarka, kifinka zai yi wari."

Ya kashe injin ya sauko. "Osettai ne fa, Iya."

Kalmar ta tsayar da ita cak. Osettai kyauta ce ga mai ziyara, kuma ba a mayar da ita, domin mai bayarwa rabonsa na ladan tafiyar yake nema. Wa zai gaya wa Sumie wannan? Ita da ta taɓa bin wani malamin makaranta da gudu har gada don ya ƙi karɓar lemonta.

"Shekara ashirin ina bin titin nan," in ji Nonaka. "Kullum ina ganinku kuna wucewa, ni kifi bai bar ni na zaga ba. Yau na samu nawa, sai ki hana ni?"

Ta ji haushi, ta ji kunya, hawaye ya zubo mata. Ta shiga motar tana ƙunƙuni, ta rungume sandarta. Kilomita goma sha ɗaya ya kai ta, har ƙofar wani ƙaramin asibiti. Aka zuƙe ruwan gwiwar, aka ce da ta ƙara wuni ɗaya a kanta, da tafiyar ta ƙare ke nan. Ta kwanta kwana huɗu a masauki tana kallon jiragen masunta.

Safiya ta biyar ta tafi tashar bas. Niyyarta ta koma daidai inda aka ɗauke ta, ta taka abin da ta tsallake, don kada zagayenta ya yi giɓi. Bas ta zo, ƙofa ta buɗe, ta ɗora sanda a matakala. A nan tunanin ya zo mata: in ta koma ta taka, ai ta mayar wa mutumin da kyautarsa.

"Iya, za ki ko ba za ki ba?" in ji direban bas.

"Yi haƙuri, tafi abinka."

Ta juya ta nufi hawan da ke zuwa haikali na ashirin da huɗu, a hankali, tana hutawa duk bayan taku hamsin. A kwana na sittin da uku ta isa na tamanin da takwas, gwiwa ɗaure da bandeji, tana dariya ita kaɗai. Kilomita goma sha ɗayan nan kuwa har yau ba ta taka su ba. In aka ce mata ai saura kaɗan ta cika, sai ta ce wannan wurin ba nata ba ne, wani ya riga ya yi mata.