Jan Bik ɗin Tsahara

Tsahara ba ta son a tuna mata da rigimar kanwa, saboda haka da ita za a fara.

Lokacin watanta biyu a Tukunyar Gulbi, wata ƙaramar jaridar abinci da lafiya da ke fita duk wata daga wani biro, wato ofis, mai ɗaki biyu a unguwar Zariya. Aikinta tantancewa: ba a buga komi sai ta sa hannu da jan bik, alƙalamin da take gyara da shi. Zuliha mai shafin girki ta kawo yadda ake miyar yakuwa, Tsahara ta soke layin kanwa, wai ta yi yawa, za ta tsinke wa mutane ciki.

"Kin taɓa dahwa ta?" in ji Zuliha.

"Na dai karanta."

"To ki ci karatun da tuwo, malama."

Washegari Zuliha ta iso bisa kabu-kabu rungume da tukunya. Tsahara ta ci malmala uku tana gardama da baki cike, cikinta kuwa ko ƙugi bai yi ba. Aka maida kanwa inda take.

Kunyar ranar ita ta ba ta doka: ba ta ƙara sa hannu ko soke wani abu ba sai ƙafarta ta je, idonta ya gani. Masu lambun Jiratawa in sun hango ta sai su shige bayan ayaba, don sun san za ta tambayi ranar da aka yi wa salat feshi. Mijinta Idirisa, tela ne mai ciwon suga, kullum alfaharinsa a bakin shago shi ne, "In Tsahara ta sa hannu, ko guba ce sha zan yi." Mutane su yi dariya. Ita ba ta taɓa yi ba.

Bara, direktan jaridar, Mushe Hamidu, wato Malam Hamidu a bakin 'yan boko, ya ajiye mata wani labari. Alhaji Ilyasu, attajirin da tallarsa ke cika shafin baya, ya fito da garin zogale a leda. Labarin ya ce wata Zainabu a Tibiri ta sha kwana arba'in, ta watsar da ƙwayoyin likita, suga ya bar ta. Har da hotonta, tana murmushi da wushirya.

Tsahara ta yi kuskure guda: ta tafi da takardar gida. Kwana biyu bayan haka ta ga ƙwayoyin Idirisa ba a taɓa su ba, ga koriyar leda kusa da kofin kununsa.

"Maigida, mi ke nan?"

"A takardarki na gani."

"Ban sa hannu ba."

"Ai za ki sa. Alhaji guda zai yi ƙarya?"

Ba ta ko karya ba ta hau kabu-kabu zuwa Tibiri. Ba ta sha wahalar neman gidan ba. Tabarmi a ƙofa, dattawa suna zaune. A ciki takalman mata jere har bakin rijiya. Ranar sadakar uku ce. Ɗiyar Zainabu ta jawo ta ɗaki, ta buɗe wani kwano: ƙwayoyin wata biyu, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Ta ce da ƙishirwa ya fara, sai ƙafa ta kumbura, sai barcin da ba a tashi ba.

A hanyar dawowa Tsahara ta tsaya shagon Idirisa. Ya sha ruwa buta guda tana kallo. Ta tsaya a kansa har ya haɗiye ƙwaya, amma da ya share baki sai ya ce in labarin ya fito a jarida, zai koma shan garin zogalen, don abin da aka buga ya fi abin da mata suka faɗa a gidan makoki.

A biro ta tarar da Alhaji Ilyasu ya cika kujera, turarensa ya cika ɗakin. Shafin zai tafi gidan bugu da la'asar, hannunta kawai ake jira. Ta faɗi abin da ta gani.

"Kwana ne ya ƙare," in ji Alhaji. "Hajiya, ke ba likita ba ce. Matar nan da kanta ta ce ta warke."

Mushe Hamidu ya turo mata takardar, idonsa na kan silin. "Madam, don Allah. Tallarsa ke riƙe da mu."

Tsahara ta rufe bik ɗinta ta jefa a jaka. Abin da ta faɗa shi ya kashe zancen, shafin bai fita ba har yau.

"Dokata guda ce, Alhaji, sai na ji daga bakin mai shaida. Ka tahi ka ɗauko min ita a motarka. Tana gabas da Tibiri, kabari na biyu daga gindin bagaruwa, kuma ba inda za ta."