Ranar da Muka Kori Ruwan Maame

Mmata gishiri take sayarwa a kasuwar Nima. Ba wannan na leda mai laushi kamar hoda ba, gishirin Ada, mai tsakuwa-tsakuwa, wanda in ka taka shi ba takalmi sai ka ambaci Allah. Teburinta yana bakin layin masu kifi, a wurin uwarta ta gaje shi. Masu koobi, kifin nan da ake busarwa da gishiri, su ne manyan kwastomominta, sai mahauta masu shanya fata, sai masu waakye, shinkafa da waken nan.

Ni kuwa ɗan Maamobi ne, a bayan babbar gota, magudanar ruwan unguwa, aka yanke mini cibi. Na ɗan taɓa sukul, ba mu yi faɗa da ita ba, wata safiya ce kawai ta yi gabas na yi yamma. Tun daga nan ofis ɗina shi ne bes, bencin da muke zama a bakin layi ni da abokaina muna dafa shayin ataya muna gyara wa duniya zama. Aikin kirki ɗaya unguwa ta san mu da shi: kafin damina mukan shiga gota da shebur mu yashe ta. A wannan fanni ko gwamnati tana gaishe mu.

A bakin Mma na san Songor, tafkin da gishirin yake fitowa. Ta ce kakanta a kwalekwale yake loda buhuna, ya haura kogin Volta da su har ya kai kasuwar Salaga, ya dawo da man kaɗe da saƙi. Ta ce sau ɗaya aka kai ta tana yarinya, ta tsaya a baki ta kasa hango ƙarshensa, fari fat, kamar an shanya zannuwan duniya gaba ɗaya. Ni dai nakan ce, "Mma, lokacin ke gajera ce, komai babba ne." Sai ta jefe ni da murfin olonka, gwangwanin da take awo da shi.

Shekarar da nake ba ku labari gishiri ya ɗauke. Wata tsohuwa 'yar Ada, wadda muke kira Maame, ita ke aiko wa Mma kaya tun kafin a haife ni. A da mota guda take cikawa, ya koma rabi, ya koma buhu biyu, su ma rabinsu laka. Daga baya shiru. Dokar kasuwarmu kuma ba ta da kunya: teburin da ya daɗe ba kaya, Magajiya, shugabar matan kasuwa, tana ba wata. Akwai mai gwanjo da ta riga ta fara auna teburin Mma da ido. Magajiya ta zo da kanta ta ce, "Hajiya, ni da ke ba ta yau ba ce, amma mutane suna kallona. Na ba ki zuwa ganin watan azumi."

Da yamma Mma ta kira Maame, ta sa waya a sifika don kunnenta ɗaya ya fara yaji. Maame tana jin Hausar kasuwa, tana haɗawa da yaren Ga. Ta ce hanyar ruwa ce ta toshe, yashi ya cike ta, samarin garin kuma duk sun tafi Tema da wuraren haƙar zinariya, ba hannun da zai riƙe shebur.

Ina kwance a tabarma na tashi zaune. "Mma, me ta ce? Gota ta toshe?"

"Ba da kai ake ba."

"Da ni ake. Gota ta toshe ana neman likita, ga likita a ɗakinki yana cin tuwonki kyauta."

Ta dube ni ta dube ni, ta ce wa Maame, "Ina da wani ɗan banza a nan, ya ce zai zo."

Mu biyar muka tashi daga bes, Mma ta shida. A cikinmu akwai wanda muke kira Injiniya, don yana miƙa wa ogansa sifana a wani gareji a Abossey Okai. Trotro, motar haya, ta sauke mu a Sege, muka hau aboboya, babur mai ƙafa uku, da sheburanmu a tsaye kamar masu zuwa yaƙi.

Da muka iso bakin tafkin Mma ta ce a tsaya. Ta sauka. Abin da ke gabanmu fili ne na busasshiyar laka, ta tsattsage kamar dugadugan kayayo 'yar dako, an yayyanka shi gida-gida da ƙananan ganuwoyin laka. Can nesa sosai wani siririn ruwa yana ƙyalli. Na buɗe baki zan yi tsiyata, na ga fuskarta, na mayar da shi na rufe.

"Nan inda muke tsaye," in ji ta, "a kwalekwale muka wuce."

Maame gajeriya ce, baƙa, hannunta kamar itace. Ta ba mu banku da kifi, muna ci tana magana. Ta ce a zamanin iyayenta ba wanda yake yin gishiri, Allah ke yi. Teku ya shigo, ƙoramu su kawo ruwan daɗi, rana ta yi aikinta, dattawa su ce an buɗe, kowa ya shiga da kwandonsa, har baƙo. Da aka tare kogi can sama, ƙoramun suka daina zuwa. Aka sare itatuwan bakin ruwa aka yi girki da su. Yashi ya rufe ƙofofin teku. Da ruwa ya yi kaɗan sai kowa ya kewaye nasa, ruwan ya ƙara rasa hanya. Kifi ya tafi, tsuntsaye suka bi shi.

Ni rabin hankalina yana kan kifin da Injiniya yake ja ta gefensa. Da na saurara da kyau, da ban jawo mana abin da na jawo ba.

Ta ce mu huta, gobe da safe ƙaninta zai nuna mana wurin aiki. Ta ja Mma suka tafi gaida dattawan gari.

Ɗan Nima bai iya hutu a garin da ba netwok. Muka ɗauki shebur muka ce bari mu leƙa. A bayan gidan Maame kaɗan muka tarar da wani fili mai kusurwa huɗu, kamar fangalin lambu amma babba, cike da ruwa. Ruwan ya yi ja-ja, ya yi kauri, wani kumfa-kumfa a samansa, ga ɗan wari. Ko motsi ba ya yi.

Injiniya ya toshe hanci. "Cale, abokina, ga matsalar nan. Wannan ai hedikwatar sauro ce."

"Dubi yadda suka toshe shi ta ko'ina," na ce. "Mutanen nan ba su san gota ba."

Ku fahimce mu. A unguwarmu ruwan da ya kwanta abokin gaba ne. Shi ke kawo zazzaɓi, shi ke shiga ɗaki ya jiƙa katifa, shi ke cin yara in an yi ruwan sama. Tun muna ƙanana abin da aka koya mana ke nan: ka ga ruwa ya tsaya, buɗe masa hanya. Ba mu yi shawara ba ma. Injiniya ya duba gangare, ya ja layi da ƙafa, muka fasa ganuwar, muka haƙa gota mai kyau, miƙaƙƙiya, irin wadda ko a Kanda, unguwar manya, ba su da ita. Ruwa ya bi ta da gudu ya baje a busasshen fili, laka ta shanye. Muka jeru a bakin aikinmu muka ɗauki hoto.

Muna cikin hoton suka dawo.

Maame ba ta yi ihu ba. Ta kifa wani daro ta zauna a kai, ta zuba wa fangalin ido. Mma ce ta fara magana, a hankali, irin muryar da na fi tsoro.

"Wa ya sa ku?"

"Mma, ruwan ya lalace ne. Har ja ya yi."

"Jan nan shi ne ya nuna," in ji Maame, ba ta ko dube ni ba. "Kwana goma ya rage ya zama gishiri. A ka na ɗebo shi, ni da jikokina mata, daro-daro, daga can inda kuka hango ruwa. Na uwarka ne. Shi na ce zan aika mata kafin azuminku."

Injiniya ya ɓoye sheburinsa a bayansa, kamar shebur abin ɓoyewa ne.

Mma ta ce, "Shekara ashirin da wani abu ina ciyar da kai da gishiri, ashe ba ka taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba."

"Kin ce daga tafki."

"Rufe mini baki, likita."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na je na durƙusa gaban Maame, na ce ta yi mini duk abin da ta ga dama. Ta kama kunnena, ba da ƙarfi ba, ta juya kaina wajen teku.

"A garinku kuna korar ruwa. A nan roƙonsa muke ya shigo, in ya shigo mu rufe ƙofa mu yi masa shimfiɗa. Ka iya kora. Gobe za mu ga ko ka iya kira."

Da safe ƙaninta, wani dattijo mai sanda, ya kai mu ainihin wurin. Tsohuwar hanyar ruwa ce daga wajen teku zuwa cikin tafki, yashi ya binne ta har ciyawa ta fito. Tsawonta ya kai daga bes ɗinmu zuwa kasuwar Nima a dawo. Da niyyar kwana ɗaya muka zo, muka yi shida.

Labarinmu ya riga mu zagaya gari. Rana ta farko mutane suka zo kallo kawai, suna nuna mu suna dariya. Wata mata ta ɗaga murya da Ga ta ce a ɓoye randuna, 'yan Nima sun fito. Na ce mata ta kawo tata randar mu gwada. Ta dawo, amma da daro, ta fara kwashe yashin da muke haƙowa. Rana ta biyu mata bakwai ne. Ta uku wasu maza da suka gaji da zagin matansu suka shigo da nasu sheburan. Har wani mai fangali a kan hanyar, wanda aka ce ya shekara yana hana a taɓa ganuwarsa, ya zo ya tsaya yana kallo, can ya ce a fasa gefe ɗaya, amma ba 'yan Nima za su fasa ba.

Aikin ya fi gota wuya. Gota wari ne kawai, wannan kuwa laka mai gishiri ce, tana nemo duk inda ka taɓa yin ƙaramin rauni ta gaishe shi. Injiniya ya so ya kawo ilimi, dattijon ya ce masa, "Ɗana, gangaren nan ta wancan gefen yake kallo." Sau uku yana gyara masa. Hannunmu ya saba da tura ruwa waje.

Rana ta shida da hantsi teku ya cika. Dattijon ya sa sandarsa ya ture ɗan yashin da ya rage. Ruwan bai zo da gudu ba, a hankali ya shigo, yana shinshina hanya kamar akuyar da aka kai sabon gida. Muka bi shi a ƙafa har fangalin Maame. Ni na toshe ɓarakar da na yi da hannuna, ta tsaya a kaina har na gama. Kafin mu tafi na ga 'yan ƙananan kifaye a cikin hanyar, da wani farin tsuntsu mai dogayen ƙafafu yana yi musu lissafi.

Na ce, "Maame, tafki ya dawo."

"Tafki bai dawo ba. Hanya ɗaya ce ta buɗe, da can sun fi yatsun hannu. Kuma yashi zai komo baɗi."

"Mu ma za mu komo."

"Ku zo. Amma wanda ya taɓa shebur ban nuna masa wuri ba, sai na jiƙa shi na shanya."

Muka dawo Maamobi hannu wofi. Sabon ruwa yana son makonni kafin ya nuna, azumi kuma bai san da wannan ba. Kullum Mma takan je ta share teburinta ta zauna a bayansa, ba komai a kai sai olonka. Mai gwanjo takan wuce ta gaishe ta da fara'a mai yawa. Ni na daina tsiya a gida, har Mma ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Aka ga wata. Ranar farko ta azumi mai gwanjo ta tafi wurin Magajiya da dilarta a kai. Magajiya, wadda Mma ta riga ta ba ta labarin gotarmu har ta yi dariya ta share hawaye, ta ce yau tana fama da azumi, ba ta iya shari'a da yunwa, a dawo jibi. Jibi ta ce kanta ke ciwo.

Rana ta huɗu, wajen azahar, aboboya ya tsaya a bakin layin masu kifi da buhu tara. Na Maame uku ne kawai, abin da fangalinta ya fara bayarwa ke nan. Sauran shidan matan da suka kwashi yashi tare da mu ne suka haɗa, kowace da ɗan alamar zare a bakin buhunta. Direban ya ce an ce a faɗa wa Hajiya, daga yanzu su ma ita za su riƙa aiko wa.

Mma ta kwance ɗaya ta cusa hannu har wuyan hannu. Ta ɗebo ta murza, ta kai kusa da baki, ta tuna tana azumi, ta mayar. Masu koobi sun riga sun fara taruwa da robobinsu, ɗaya tana cewa ita ta fara zuwa, ɗaya tana cewa ƙarya ne.

Na tsaya ina jiran a yaba mini. Mma ta ɗago ta gan ni.

"Tsayuwar me kake yi? Buhu takwas suna rana. Ka shigo da su ta baya, kuma kada ka ja su a ƙasa."