Yaya Kulu da Ƙyallen Goge Fata

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Ubangijin da Ya halicci fata Ya suturta tsoka da ita, Ya kuma sanar da bayinSa hanyar kiyaye ta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'ya'ya da jikoki, kun matsa mini in rubuta muku wani abu game da yayata Hajiya Hauwa'u, wadda a gida muke kira Yaya Kulu, a asibiti kuma Sista Kulu. Wata huɗu ke nan da rasuwarta, amma har yanzu in na ji an buɗe ƙofar zaure da ƙarfi sai in duba farcena.

Kun san dalili. Ba a gaida Yaya Kulu a wuce. Kana durƙusawa za ta ce, "Kawo hannu." Ba musafaha take nufi ba. Juya hannun za ta yi, ta duba bayansa, ta duba ƙarƙashin farce ɗaya bayan ɗaya, sannan ta amsa gaisuwar gwargwadon abin da ta gani. Wanda farcensa ya yi tsaf ya sami "Lafiya lau, ɗan albarka." Wanda aka samu da baƙi kuwa, sai ta buɗe jakar nan tata baƙa ta zaro 'yar takarda mai ƙyalli, ta yage, ta fito da auduga mai sipirit. Shekara talatin da 'yan kai ta yi a ɗakin tiyata, aikinta shirya fatar majiyyaci kafin likita ya sa wuƙa, kuma ritaya ba ta raba ta da aikin ba, faɗaɗa mata shi ta yi. Duk unguwarmu ta Ƙofar Dumi muka koma majiyyatanta. Kuma gugarta iri ɗaya ce kullum: daga tsakiya a yi waje, ba a komawa inda aka wuce. Haka take goge faranti, haka take goge fuskar jika.

Ni ne autan gidanmu, shekara tara ta ba ni. Na yi karatu, na yi furfura, aka ɗora mini limancin masallacin unguwa, mutane na ce mini Malam. Ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Auta, a gaban kowa.

Wata Babbar Salla na dawo daga idi, an kwantar da rago, na wasa wuƙa, na fuskanci alƙibla. Sai na ji murya a bayana.

"Dakata, Auta!"

Na waiga, sai ga ta ta tsuguna kusa da kan ragon, ta riga ta yage takarda.

"Yaya, me za ki yi?"

"Kai dai ba ka gani? Dubi wuyansa. Jiya a cikin kashinsa ya kwana. A haka za ka sa masa wuƙa?"

Na ce, "Yaya, don girman Allah, shi wannan ba a sa ran ya warke."

Mahaucin da ya zo fiɗa ya sake ƙafar ragon ya koma gefe yana dariya har da hawaye. Ita ko ko murmushi. Ta goge wuyan nan daga tsakiya zuwa waje, ta miƙe, ta ce, "Shi ba zai warke ba, amma ni ban taɓa tsayawa a kan yankan ƙazanta ba, kuma ba zan fara ranar Salla ba. Bismilla."

Da likita ya ce ina da ciwon suga, ita ta karɓi aikin gwajin. Duk safiyar Litinin sai ta shigo da 'yar na'urarta. Ranar farko, ta goge mini yatsa kafin ta tsira allura, sai warin abin ya buge ni. Na janye hannu.

"Yaya, wannan da giya a cikinsa."

"Sha na ce ka yi?"

"Ba maganar sha ba ce. Maganar najasa ce. Da wannan hannun nake ɗaukar Alƙur'ani."

"To, je ka tambayo littattafanka. Ina jira."

Na kuwa je. Kwana uku ina buɗe littattafan fiƙihu, na tara maganganun malamai, waɗanda suka tsananta da waɗanda suka sassauta, da bambancin abin da aka yi don maye da abin da aka yi don magani. Ranar Alhamis na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, na zauna na shimfiɗa mata bayani tun daga tushe. Ta saurara har na kai aya.

"A taƙaice fa?"

"A taƙaice akwai sauƙi, musamman da lalura."

"Ikon Allah! Kwana uku! Da ni ka tambaya ran Litinin da na hutar da idonka. Kawo yatsa."

Duk wannan raha ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar gwiwata.

Manyanku sun tuna shekara biyun da na yi ina salla a kan kujera. Gwiwar dama ta cinye, ba ta lanƙwasuwa. Na bar wa na'ibi limanci, na koma ƙarshen sahu. Shari'a ta yi mini rangwame, na sani, ni kaina na sha karantar da hukuncin. Amma in mutane suka faɗi sujada na ga bayansu a jere, ni ina zaune ina duƙar da kai kawai, abin yakan dame ni ƙwarai. Ban gaya wa kowa ba. Babu abin da nake bege a duniya kamar in ji goshina a ƙasa.

Likita ya ce za a iya aiki, a sa ƙarfe. Amma ya faɗa mini gaskiya a gaban Yaya Kulu: mai suga ba ya warkewa da wuri, kuma in ƙwayar cuta ta bi yankan ta kai ga ƙarfen, ciwon zai yi mugunya, daga nan ba maganar lanƙwasa gwiwa ake yi ba, maganar tsira da ƙafar ake yi. Muka fito, muka hau keke napep. Can ta ce, "Fatar nan daga yau tawa ce."

Ana gobe aiki ta zo da wani ƙunshi wanda ban taɓa gani ba. Ba 'yar audugar jaka ba ce. Ƙyallaye ne manya, masu laushi, guda shida a jiƙe da magani. Ta ce 'yarta Maryam, wadda ke aikin jinya a ƙasar waje, ita ta aiko, a nan samunsa da wuya. Kafin in buɗe baki ta ce, "Babu giya a ciki, kada ka tafi wata kwana ukun." Sannan ta jero mini dokoki kamar mai karanta sharuɗɗan salla. In yi wanka da asuba, in yi alwala, in yi salla, in bari jiki ya bushe. Kada reza ta taɓa ƙafar. Kowane ƙyalle da yankinsa, ba ya ƙetarawa. Ban da fuska, ban da ido da kunne, ban da al'aura. In an gama, ba mai, ba turare, ba ruwa.

"Ba turare, Yaya? Mutum zai je inda ba ya da tabbacin dawowa?"

"In ba ka dawo ba ni zan sayi turaren. Gobe dai babu."

Da safe ta iso gari bai gama wayewa ba. Tunda ba za ta shiga inda na tuɓe ba, sai ta ja kujera ta zauna bayan labule, mai ɗakina tana ciki da ƙyallayen, ita tana ba da umarni kamar direban mota.

"Na uku, ƙafar dama. Daga gwiwa ki yi waje. Kin koma baya, na ji!"

"Wallahi Yaya ban koma ba."

"Na ji ƙarar hannunki. Auta, ta koma ko ba ta koma ba?"

Ina tsaye ina rawar sanyi tsakanin mata biyu, na ce Allah ne Mafi sani.

Aka gama, na sa sabuwar riga wankakkiya, jikina yana ɗan danƙo. Ta ce haka ake so, in zauna kada in taɓa komai, za ta je ta taho da mota.

Tana fita sai ga Malam Sani, abokin karatuna tun muna samari, ya taso tun daga Inkil a kan babur da sassafen nan. Ya fito da gora daga aljihu. Rubutu ne, ya ce kwana bakwai yana yi mini, a sha a shafa. Wa zai mayar da wannan? Na yi bismilla na sha. Ya ce, "Saura wurin ciwon." Wallahi ko kaɗan ban kawo dokar Yaya a raina ba, domin a wurina wannan ba ruwa ba ne. Na naɗe wando, na zuba a tafi, na shafe gwiwar sarai, gaba da baya.

Ta dawo. Ido ɗaya ta yi wa ƙafar wandona, inda tawada ta ɗiga.

"Ɗaga."

Na ɗaga. Ga gwiwa ta yi zane-zane baƙi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Auta! Minti nawa na yi?"

Malam Sani ya gyara murya ya ce, "Hajiya, ai ayoyin Allah ne."

"Na sani, Malam. Ayoyin ba su da laifi. Amma allon da ka wanke, da ruwan randar, da gorar da ta kwana a aljihunka, da tafin hannun wannan, su ma ayoyi ne?" Ta karɓi gorar, ta ɗaga ta kurɓa, ta yi hamdala, ta miƙa mini. "Shanye. Ciki naka ne, ka zuba masa abin da ka ga dama. Fata tawa ce sai an ɗinke."

Sai kuma ta dafe kai, domin an hana ni ci da sha tun daren jiya, ga shi ita da bakinta ta ce in shanye. Ta fizge gorar tun ban kai baki ba, ta tambayi kurɓa nawa na yi a farko, ta kira likita a waya ta gaya masa. Aka ɗaga aikin zuwa bayan azahar.

Na ce, "To yanzu ƙyallen fa? An gama da shi."

Ta buɗe jaka, ta laluba can ƙasa, ta fito da wani ƙunshin irin na farko. Ta ce, "Koma ka yi wanka. Malam Sani, kai kuma zauna a zaure inda nake ganinka."

Aka yi aiki. Yankan ya kame tsaf, ko ɗigon ruwa bai yi ba. Aka sha wahalar motsa ƙafa wata da watanni, ita ce kuma mai tsaron, ba ta san tausayi ba. Likita bai yi mini alkawarin sujada ba, ya ce wasu na samu wasu ba sa samu. Wata rana bayan la'asar, a ɗakina, na gwada nafila. Na dafa ƙasa, na sauka a hankali, goshina ya taɓa tabarma. Ban san tsawon lokacin da na yi a nan ba. Da na sallame sai na ga Yaya Kulu a bakin ƙofa, tana share ido da gefen mayafi. Da ta ga na gan ta sai ta ce, "Wannan tabarmar yaushe rabon a wanke ta?"

Sauran labarin ban ji shi ba sai a zaman makokinta. Sista Rifkatu, ƙawarta ta Fadaman Mada, wadda suka yi aiki tare tun suna 'yan mata, ta zo mini gaisuwa. Muna cikin tuna halayenta na ba ta labarin rubutun. Ta yi dariya, sannan ta ce, "Malam, ashe bai gaya maka ba?" Haka take magana, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. "Wannan ƙunshi biyu Maryam ya aiko wa uwarsa ne. Na aikin matsarmama da aka yi masa bayan naka da sati uku. Ya ce ɗaya naka ɗaya nasa. Da ka ɓata naka, ya ba ka nasa."

Na ce, "Ita kuma da me ta shiga?"

"Sabulun asibiti. Ni na wanke shi. Yana ta yi mini faɗa wai na koma baya."

Na tuna na je duba ta a lokacin, ina dogara sanda. Na tarar da ita a gado tana duba farcen likitan da ya yi mata aiki. Ta warke lafiya, ta ƙara shekara uku a duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba. Ita da ba ta iya ganin ƙura a kan tebur ta yi shiru.

Yanzu na koma gaban sahu. Sau biyar a yini nakan kai goshina ƙasa, kuma babu sujadar da ba na ambaton sunanta a ciki. Da na sani tana raye, da na yi mata godiya, da kuma ta ce in daina surutu. Ko wannan faɗan ma ina begensa.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Hauwa'u, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanya mata rabo a cikin kowace sujada da Ka ba ni ikon yi. Ka saka wa Rifkatu da alheri bisa amanar zama. Wanda ya karanta wannan kuma, Allah Ya ba shi lafiya mai amfani, Ya albarkaci gidansa da zuriyarsa, Ya haɗa mu da magabatanmu a gidan rahama. Amin.